Awon Sawun Muhalli a Aji: Darasin Tsimi Ko Ɗora wa Talaka Laifi?

Gabatarwa

Ranar 1 ga watan Agusta, 2024 ita ce ranar da ƙungiyar Global Footprint Network ta ayyana cewa 'yan Adam sun gama cinye duk abin da duniya ke iya sabuntawa a cikin wannan shekara. Watanni biyar da suka rage, da bashi aka ci su: aka sare dazuzzuka fiye da yadda suke tofowa, aka kama kifi fiye da yadda yake hayayyafa, aka tura hayaƙi sama fiye da yadda itatuwa ke iya shanyewa. Manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin kaka, har ya kai hannu ga irin shuka, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan lissafi.

Daga wannan tunani ne aka samo wata dabarar koyarwa da ta yaɗu a makarantun Turai da Amurka, wato a sa kowane ɗalibi ya auna nauyin da rayuwarsa ke ɗora wa muhalli, da fatan idan ya ga adadin da idonsa zai rage ɓarna. Dabarar tana da amfani, kuma ya dace ta shigo azuzuwan ƙasar Hausa. Sai dai idan aka ɗauko ta yadda take, aka dasa a ajin Kano ko Damagaram ba tare da gyara ba, darasin da za ta bayar kishiyar wanda ake nufi ne. Hanyar aunawar, da tambayoyin da lambar ke haifarwa, su ya kamata a koyar, lambar da na'ura ta fitar kuwa a ɗauke ta a matsayin mafari kawai.

Asalin Awon da Yadda Yake Aiki

A farkon shekarun 1990 ne William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel suka ƙirƙiro wannan ma'auni a Jami'ar Biritish Kolombiya da ke Kanada, suka kuma fito da shi fili a littafin da suka wallafa a 1996. Tambayar da suka ɗora aikinsu a kai mai sauƙi ce: fili nawa ake bukata, na tudu da na ruwa, don a samar wa mutum guda abin da yake ci da sha da sawa, a kuma shanye dattin da yake fitarwa? Sun kasa filin zuwa gonaki da makiyaya da dazuzzuka da wuraren kamun kifi da filin gine-gine, sai kuma dajin da zai shanye iskar kabon da ake fitarwa wajen ƙona mai da gas da kwal. Ana haɗa waɗannan a mayar da su ma'auni guda da ake kira hektar duniya. Idan aka raba filin da ke bayar da amfani a doron ƙasa ga dukkan mutane, rabon kowa bai kai hekta biyu ba, alhali abin da aka ci a 2024 ya bukaci duniya kusan 1.7.

Bayan wannan ma'auni wasu sun biyo. A 2002 Arjen Hoekstra na ƙasar Holan ya gabatar da awon ruwa, inda ake lissafa duk ruwan da aka sha kafin wani kaya ya iso hannun mai saye. Bisa wannan lissafi, kilo ɗaya na naman sa yana cin lita kusan 15,400 a matsakaicin ƙiyasin duniya, riga 'yar shara ta auduga kuwa fiye da lita 2,000. Sai kuma awon kabon, wanda ya fi sauran shahara a yau.

Ta fuskar ilimi, turbar ta faro ne daga taron Riyo na 1992, wanda ya ware babi guda na kundinsa ga sauya salon cin albarkatu, wani babin kuma ga ilimantarwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2005 zuwa 2014 don ilimin ci gaba mai ɗorewa a ƙarƙashin jagorancin UNESCO, sannan a 2015 ta sanya cin albarkatu da sarrafa su cikin tsimi a matsayin muradi na 12 daga cikin muradai 17 da ƙasashe suka amince da su. Manhajar awo da ke intanet ta zama kayan aikin da malamai suka fi saurin kai hannu gare shi. Takan tambayi ɗalibi sau nawa yake cin nama, wane irin gida yake zaune, mutum nawa ne a gidan, tafiyar kilomita nawa yake yi a mota, awa nawa yake yi a jirgin sama a shekara. A ƙarshe ta gaya masa duniya nawa za a bukata da kowa zai yi rayuwa irin tasa.

Abin da Awon Yake Iya Yi

Ba adalci ba ne a soki wannan dabara ba tare da an faɗi alherinta ba. Matsalar darasin muhalli a ko'ina ita ce nisa. Ana ba ɗalibi labarin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, ko tekun da ke cika, abubuwan da bai taɓa gani ba kuma ba ya jin yana da hannu a ciki. Awo yana jawo batun daga can ya ajiye shi a kan teburin ɗalibi. Wanda aka ce wa leda tana ɓata gari zai gyaɗa kai ya wuce. Wanda ya ƙirga da kansa ya ga yana shan ruwan leda shida a rana, wato leda 2,190 a shekara, kuma ajinsu mai mutum 100 yana zubar da 219,000, da wuya ya sake kallon kwatar da ta toshe a bakin makaranta da idon da yake kallon ta a da.

Haka kuma awo yana gyara zato. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa kashe ƙwan lantarki ko rufe famfo su ne manyan matakai, sai lissafi ya nuna musu cewa abinci da sufuri da makamashin gida sun fi nauyi nesa ba kusa ba. Andrea Collins da abokan aikinta sun gwada manhajar da ɗalibai a jami'o'in Kadif a Birtaniya da Siyena a Italiya, suka wallafa sakamakon a 2018, inda suka nuna cewa tana taimaka wa ɗalibai su ga alaƙar zaɓin yau da kullum da albarkatun ƙasa. Bugu da ƙari, darasin yana haɗa lissafi da labarin ƙasa da kimiyya da nazarin zamantakewa a aiki guda, abin da tsarin karatun da ya rarrabe fannoni ke yawan kasa yi.

Inda Gizo Ke Saƙar

Matsala ta farko ta shafi tarihin awon kansa. Kalmar awon kabon na mutum guda ba ta shiga bakin jama'a ba sai da kamfanin mai na BP ya tallata ta a tsakiyar shekarun 2000, ya kuma sanya manhajar lissafi a shafinsa don kowa ya auna kansa. Masu suka sun daɗe suna nuna cewa irin wannan talla tana karkatar da ido daga mai haƙo mai zuwa mai sayen lita guda. Wani rahoto da ƙungiyar CDP ta fitar a 2017 ya danganta kashi 71 cikin ɗari na hayaƙin masana'antu mai ɗumama duniya tun daga 1988 ga kamfanonin mai da gas da kwal guda 100 kacal. Shekarar 2020 ma ta bayar da hujja: duk da an rufe garuruwa, an tsayar da jirage, mutane sun zauna a gida saboda annobar korona, iskar kabon da duniya ta fitar ta ragu ne da kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari kawai. Ke nan akasarin nauyin yana cikin tsarin samar da lantarki da masana'antu da jigilar kaya, wuraren da zaɓin mutum guda ba ya kaiwa.

Matsala ta biyu ita ce ta rashin daidaito, kuma ita ce ta fi shafar ƙasar Hausa. Ba'amurke guda yana fitar da iskar kabon kusan tan 14 a shekara, matsakaicin mutumin duniya ƙasa da tan 5, ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya bisa goma na tan. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Rahoton Oxfam na 2023 ya nuna cewa a shekarar 2019, kashi 1 cikin ɗari na mafiya arziki a duniya sun fitar da hayaƙi daidai da na mutum biliyan biyar mafiya talauci. A nan sawun giwa ya taka na raƙumi. Ɗalibar da ta taso a gidan da ba mota, ba firiji, nama sai ranar kasuwa ko sallah, idan ta cike manhajar za ta samu sakamako mai kyau, a yaba mata cewa rayuwarta mai ɗorewa ce. Amma rashi ne ya ba ta wannan maki, ba tsimi ba. Darasin da ke yaba wa mutum saboda talaucinsa, ko ya sa shi jin kunyar burin mallakar firiji, ya saɓa wa manufar ci gaba mai ɗorewa, domin muradi na farko a jerin muradan nan 17 shi ne kawar da talauci.

Matsala ta uku ita ce tambayoyin ba su dace da rayuwar wurin ba. An gina yawancin manhajojin a kan gidan Turai, inda ake ɗumama ɗaki da hunturu, ake tafiya hutu a jirgin sama. Da wuya a ga tambaya a kan janareta, ko damin itace, ko buhun gawayi, ko jarkar ruwan 'yan garuwa. Sakamakon haka, ɓarnar da ta fi kusa da ɗalibi ita ce ba ta bayyana. Gidan da ke girki da itace yakan fito da lamba ƙarama, alhali dajin da ake saro itacen yana ƙarewa, hayaƙin murhu kuma yana cin huhun mai girki da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Haka batun nama yake. Lita 15,400 da ake ambata matsakaici ne na duniya, kuma mafi yawansa ruwan sama ne da ya sauka a kan ciyawa da abincin dabbobi. Saniyar Bafulatani da ke kiwo a daji, tana cin kara da harawa bayan girbi, tana kuma bar wa manomi taki, lissafinta daban yake da na saniyar da aka tsare ana ɗura mata masara da waken soya. Malamin da ya ɗauko wannan adadi ya ce wa yaran da jikinsu ke bukatar abinci mai gina jiki su rage cin nama ya yi kuskure a kimiyyance, ya kuma cutar da su.

Ko a tsakanin masana ma, ma'aunin bai tsira daga suka ba. A 2013 Linus Blomqvist da abokan aikinsa sun nuna cewa kusan duk gibin da ma'aunin ke nunawa a matakin duniya daga ɓangaren kabon yake fitowa, kuma bai iya bayyana zaizayar ƙasa ko ƙafewar ruwan ƙarƙashin ƙasa yadda ya kamata ba. Waɗannan kuwa su ne damuwar yankin Sahel. Akwai kuma abin da Anja Kollmuss da Julian Agyeman suka tattauna a 2002, cewa sanin matsala ba ya wadatarwa wajen sauya hali, domin tsada da al'ada da rashin madadi sukan rinjayi sani. Wanda ya san illar leda amma ba famfo mai tsabta a unguwarsu, gobe ma ruwan leda zai saya.

Yadda Ya Kamata a Koyar

Maganin waɗannan matsaloli shi ne a mayar da awon hannun ɗalibi, a maimakon a bar shi a hannun manhaja. Mataki na farko, ɗalibi ya yi mako guda yana rubuta abin da gidansu ya ci, da ma'aunin da gidan ya sani: tiya nawa ta hatsi, jarka nawa ta ruwa, dami nawa na itace, kilo nawa na gas, lita nawa ta fetur, leda nawa ta shigo, kwano nawa na abinci aka zubar. Bahaushe ba baƙo ba ne a harkar awo, domin uwargidan da ke raba tiya guda ta kai kwanakin da aka ɗibar mata tana yin lissafin da ya fi na manhaja tsanani.

Mataki na biyu, a ba ɗalibi ƙa'idojin juyawa kaɗan waɗanda aka tabbatar, ya yi lissafin da kansa. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da iskar kabon kusan kilo 2.3, ta dizal kusan kilo 2.7. Gidan da janaretansa ke shan lita biyu kowane dare yana fitar da kilo 4.6 a rana, wato kusan tan 1.7 a shekara. Daga nan tambayar da ta fi muhimmanci take tasowa: me ya sa gidan yake kunna janareta? Amsar za ta kai ajin ga batun wutar lantarki da ba ta tsayawa, da iskar gas da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin man Neja Delta, da tsadar farantan hasken rana. Ta haka lambar ta zama ƙofar shiga nazarin tsarin da ya haife ta.

Mataki na uku, a kasa sakamakon gida uku: abin da ɗalibi zai iya sauyawa da kansa, abin da sai unguwa ko makaranta ta haɗu, da abin da sai hukuma. Zuwa kasuwa da jaka ko kwando yana hannun mutum. Tara shara da yashe magudana aikin gayya ne. Hana leda kuwa doka ce, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008 da Kenya a 2017, ko yadda Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a watan Janairun 2024. Ɗalibin da ya iya wannan rarrabewa ba zai ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, kuma ba zai fake da gwamnati a kan abin da ke hannunsa ba.

Mataki na huɗu, a yi kwatance a cikin gida kafin a leƙa waje. Tazarar da ke tsakanin gidan da ke da motoci uku da na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki, da gidan da ke bayan katangarsa, ta isa darasi. Almubazzaranci yana nan a cikin al'umma: abincin biki da ake kwashewa zuwa bola, ankon da ake ɗinkawa don sawa ɗaya, ruwan burtsatse da ke malala a titi. A nan ne awo zai yi aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, kuma ɗaliban jami'a na yau su ne masu albashi da ikon saye na gobe.

Mataki na biyar, a auna gyara kamar yadda ake auna ɓarna. Manoman kewayen Kano sun shafe ƙarnoni suna kwaso takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, suna noma fili guda shekara da shekaru, abin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi dogon nazari a kai. A Jamhuriyar Nijar, manoman yankunan Maraɗi da Damagaram sun raya kututturan itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da fili kusan hekta miliyan biyar mai ɗauke da itatuwa wajen miliyan 200. 'Yan jari-bola da maƙeran da ke narka gwangwani su zuba tukwane suna yin abin da littattafan waje ke kira sabon tsarin sake sarrafawa. Ɗalibin da ya ƙirga itatuwan gawo a gonar kakansa ya kamata ya ga wannan a ɓangaren riba na lissafinsa.

Nauyin da Ke Kan Masana Hausa

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da harshe, kuma nan ne batun ya zama na sassan nazarin Hausa kai tsaye. Kafofin yaɗa labarai suna ta fassara waɗannan kalmomi kowa da irin tasa, malamin firamare da na sakandare kuma ba shi da matsaya guda da zai riƙe. Kalmar "sawu" ta dace da ma'aunin fiye da yadda ake zato, domin a Hausa sawu alama ce da mai tafiya ya bari, kuma abu ne da ake bi har a kai ga mai shi. "Sawun muhalli" da "sawun ruwa" da "sawun kabon" za su zauna a bakin ɗalibi ba tare da wahala ba. Haka kuma harshen ya riga ya bambance abubuwan da darasin ke bukata. Tsimi daban yake da rowa, tattali ya ƙunshi kulawa da abu don ya daɗe, tanadi yana kallon gobe, almubazzaranci kuwa ɓarna ce ta mai hali. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ainihin abin da manhajar waje ta kasa gani, domin ita ba ta raba mai tsimi da marar abin hannu.

Akwai aikin bincike a nan ga ɗaliban digiri na biyu da na uku: tattara kalmomin awo na gargajiya da daidaita su da kilo da lita, nazarin karin magana da tatsuniyoyin da suka shafi ci da ajiya, da rubuta littattafan aji tare da malaman labarin ƙasa da kimiyyar muhalli. Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, kuma a taron Gilasgo na wannan shekara ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060. Alkawari irin wannan ba ya cika idan mafi yawan jama'a ba su da kalmomin tattauna shi a harshen da suke tunani da shi.

Kammalawa

Ambaliyar 2022 ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma akasarinsu mutane ne da sawunsu bai taka kara ya karya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa darasin muhalli a ƙasar Hausa ba zai tsaya ga tambayar nawa mutum ya ci ba, sai ya haɗa da wa ya ci, wa ya biya. Awon sawun muhalli yana da gurbi a aji matuƙar ɗalibi ne ya auna da hannunsa, da ma'aunin da ya sani, a harshen da ya ƙware, sannan aka bi lambar har zuwa tushenta. Abin da ake nema daga sassan Hausa shi ne su daidaita kalmomin, su kuma haɗa kai da sauran fannoni wajen rubuta darasin, tun kafin a shigo da fassarar da ba ta san murhu da jarka ba ta zama ita ce littafin aji.